Haƙuri, juriya da dauriya: me za a ce wa yaron da ya faɗi jarrabawa?

Tambayar farko ta wannan mako daga wata uwa ce a Tawa. Da harshenmu na Adar ta rubuto, kuma na bar mata kalmarta: ɗiyarta "ta hwaɗi" jarrabawar BEPC, wadda ake yi a ƙarshen ƙaramar sakandare, ta kwana biyu ba ta cin abinci, ta ce lakwal, wato makarantar boko, kuma ta bar ta ke nan. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ce mata "yi haƙuri", ita kuwa yarinyar da ta ji kalmar sai ta ƙara fashewa da kuka. Uwar tana tambaya: shin haƙuri da juriya abu ɗaya ne, kuma wanne ya kamata ta koya wa ɗiyarta?

Hajiya, Allah ya sanyaya muku zuciya. Ba ɗaya ba ne, ko da yake ƴan gida ɗaya ne. Haƙuri ya fi kusa da karɓar abin da ya riga ya faru, wanda ba ki da ikon mayar da shi baya. Shi ya sa muke faɗarsa wajen gaisuwar mutuwa, da wajen ba da baki in an yi faɗa. Juriya kuwa daga "jure" ta fito, kuma ba a jure abin da ya wuce, sai abin da ake cikinsa: zafin rana, ƙishirwar azumi, tafiyar ƙasa zuwa makaranta. Dauriya ta ɗan fi matsi, ita ce ta lokacin da abu yake ciwo yanzu-yanzu, kamar yaron da ake yi wa allura a likita ana ce masa "daure, an kusa gamawa". Akwai kuma naci, wato komawa kan abu sau da yawa har a samu, kalmar da muka ɓata wa suna don mun fi jin ta a bakin masu faɗa: "kai, yaron nan ya cika naci!"

Sakamakon da ya fito yana buƙatar haƙuri, don ya riga ya fito. Amma shekarar da ke gabanta, ta maimaita aji, ta zauna da ƙannen bayanta a benci ɗaya yayin da ƙawayenta suka wuce lise, wato babbar sakandare, wannan juriya da naci take nema. Ina ganin abin da ke sa ta kuka shi ne yadda muke amfani da "yi haƙuri" mu rufe bakin yaro. Sau da yawa babba in ya faɗe ta, abin da yake nufi shi ne "ya isa haka, ki yi shiru". Yaro yana gane wannan sarai. Ba a tambaye ta wane darasi ne ya kayar da ita ba, ba a bar ta ta faɗi kunyar da take ji ba, an dai miƙa mata kalma an wuce.

Ki duba karin maganar da kowa ke kawowa a nan: mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mutane sun riƙe dutsen sun manta da dafuwar. Wanda ke dafa abu ba zaune yake ya naɗe hannu ba, yana iza wuta, yana ƙara ruwa, yana neman icce in ya ƙare. Kakanninmu da suka yi wannan magana manoma ne, sun san wanda ya shuka hatsi ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone, ba ya tsayawa kan cewa ƙaddara ce. Yana faɗin haka da bakinsa, kuma da ruwa ya dawo ya sake ɗaukar iri ya koma gona.

Shawarata, ki bar ta ta yi kukanta tukuna. In ta huce, ku nemo makin da ta samu darasi-darasi, ku zauna kan tabarma ku duba tare. A tsarin makarantunmu bisa 20 ake ba da maki, 10 ne matsakaicin da ake nema. Yarinyar da ke cewa "ni ba ni da ƙwaƙwalwa" in ta ga da idonta cewa Faransanci ta wuce 10, lissafi ne ya ja ta ƙasa, to matsalar ta tashi daga kanta gaba ɗaya ta koma kan darasi guda, kuma darasi guda ana iya gyara shi kafin wata shekara. Kada kuma a riƙa kwatanta ta da ɗiyar maƙwabta a gabanta. Ba a taɓa samun juriya ta nan ba, sai dai a samu ƙiyayya tsakanin yara.

Ke da kike Tawa ba sai na kai ki nesa ba. A garinku aka fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. Tun daga lokacin, duk wanda kika ga ya ɗaga takobin da ake ba zakaran gasar, an sha kayar da shi a filin ƙauye yana yaro, ƙura ta cika masa baki, yara suna dariya. Ba wanda ya ce masa bai faɗi ba. An dai kakkaɓe masa jiki, an nuna masa inda ya bar ƙafarsa a sake.

Tambaya ta biyu daga wani malamin makaranta ce a unguwar Bukoki, Yamai. Ya ce wani uba ya zo ya zane ɗansa a gaban ƴan aji don ya zo na ƙarshe, da aka yi masa magana sai ya ce "ka ƙi naka duniya ta so shi". Malamin yana tambaya ko haka karin maganar take nufi.

Malam, ba haka take nufi ba, kuma wannan karin magana ta sha wahala a hannun iyaye. Cikonta shi ne "ka so naka duniya ta ƙi shi", kuma son da ake nufi shi ne shagwaɓa: yaro ya yi laifi ka goya masa baya, ya nemi abu ka ba shi ko da bai dace ba, ya gamu da wuya ka ɗauke masa ita tun bai taɓa ta ba. Ƙin kuwa shi ne ka hana kanka wannan, ka bar shi ya ɗebo ruwansa, ya wanke kayansa, ya je da ƙafarsa ya ba wanda ya ɓata wa haƙuri. Tozarta yaro a gaban tsaransa ba ya cikin wannan lissafi. Yaron da ake duka don ya faɗi, abin da yake koya shi ne ɓoye takardar maki. Haka ma "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": tanƙwarawa aka ce, a hankali ake yin ta, ba a ce karyawa ba.

Wata ɗaliba kuma, ita ma daga Yamai, ta tambaya a taƙaice: tunda an ce "faɗuwar gaba asarar namiji", ke nan mace an yarda ta ji tsoro? A'a, ƴata. "Namiji" a nan jarumta ake nufi, ba jinsi ba. Ai kina jin ana cewa mace "ta yi namijin ƙoƙari", ba wanda ya ce an yi kuskure. Sai dai ki lura da rubutunki: kin rubuta "na ɗaure" inda kike nufin "na daure". Mai ƙugiya a kan "d", ɗaurin igiya ne, ko na fuska, ko na kurkuku. Wanda kike nufi, na shanye wuya, ba shi da ƙugiya.