Situdiyon ƙanena ta cinye jarin shago, yanzu kuma yana son kuɗin gidan gem

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne nan Sakkwato, ina sai da kayan waya, caja da batura da gilasai, shagona na kusa da Tsohuwar Kasuwa. Bara bayan babbar salla na ciri naira miliyan 1 da dubu 300 cikin uwar kuɗin shago na saya ma ƙanena kayan situdiyo: laftof, makirufo, sifika biyu, ɗan fiyano da janareto. Anka kafa su ɗakinai nan gida, Mabera. Yaron shina da basira, kowa na faɗi. Shina haɗa kiɗa, shina yi ma tsoffin waƙoƙi rimiks, wato shi aza musu sabon kiɗa, shi sa YouTube da TikTok. Amma yau wata goma ban ga ko sisi ba. Kullum ɗakin cike da abokai, in ba su waƙa suna gem, wato wasan bidiyo, har asuba. Yanzu ya ce in ƙara mai miliyan 2 shi sayi na'urar gem ta PS5 da babbar talabijin da kwamfuta mai ƙarfi, shi haɗa gidan gem da situdiyo wuri guda, shi riƙa watsa wasan kai tsaye ta intanet, wai can kuɗin suke, da dala ake biya. Inna ta sa baki. In ba shi ko in hana?

Ɗan kasuwa daga Mabera

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji.

Sau uku na karanta wasiƙarka ina neman adadi guda, ban same shi ba. Ka faɗi abin da ka kashe, ka faɗi abin da ake so ka ƙara. Nawa situdiyon ta samu a wata goman? Ka ce ba ka ga ko sisi ba. Rashin ganinka daban, rashin shigowar kuɗi daban, kuma kai kanka ba ka san wanne ne ya same ka ba, domin babu littafi. Kuskurenka ke nan, kuma naka ne, ba na yaron ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kai ɗan kasuwa ne. Na tabbata in caja guda ta ɓace a shagonka, kafin la'asar ka gane, kuma yaron shago sai ya yi bayani. Amma ka ɗauki miliyan da ɗoriya ka ajiye a ɗakin da kake wucewa ta ƙofarsa safe da yamma, wata goma ba ka ce a kawo maka lissafin mako ɗaya ba. Me ya sa? Saboda ƙanenka ne, kana jin nauyi. Kuma saboda hajar situdiyo ba ta zama a kan kanta balle ka ƙirga ta da ido.

Hajar situdiyo lokaci ce, Alhaji. Awa ake sayarwa. Duk awar da janareto ya yi yana kuka, aka kunna laftof, aka kunna sifika, haja ce ta fita daga shago. In an biya ta, ciniki ne. In abokai ne suka zauna suna harbe-harbe a Call of Duty ko suna ƙwallo a eFootball, to an kwashi kaya ba a biya ba, daidai da a shigo shagonka a cika aljihu da batura a ce ai ɗan'uwan mai shago ne ya ba da izini.

Bari mu yi ɗan lissafi da baki. Ka ce har asuba suke kaiwa. Wutar gari dai ka san halinta, balle a watannin zafi. Mu ƙaddara janareton na shan lita 3 a dare, mu ƙaddara lita naira 1,000 don sauƙin lissafi. Dubu 3 ke nan a dare, dubu 90 a wata, dubu 900 a wata goma. Ban sa data ba, ban sa baƙin mai da gyara ba. To wa ke sayen wannan man? Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 babu wanda ke ba da fetur sadaka. Ko dai situdiyon na samun kuɗi suna zirarewa cikin tanki da shayi da indomi, ko abokai na karo-karo, wanda ke nufin an riga an buɗe gidan gem a gidanku ba da saninka ba, ko kuwa kuɗin cefanen da kake ba Inna ne ke zagayowa ta bayan gida. Ko wanne ne a ciki, ya kamata a ce ka sani tun watan farko.

Ban ce yaron ɓarawo ba ne, kada ka kai maganata gida a haka. Yawancin irinsu da na zauna da su ba su ma san suna cin jari ba. Wani ya ba shi dubu 10 na waƙar biki, a daren ya sayi mai da data, ya sayi nama aka ci, da safe ya rantse maka da gaskiyarsa cewa babu kasuwa. Tun farko ba a ce masa ga matsayin kuɗin ba. Kyauta ce? Rance ne? Haɗin gwiwa ne? In na tambaye ka za ka ce jari, in na tambaye shi zai ce Yaya ne ya taimake ni, in na tambayi Inna za ta ce ai duk abu ɗaya ne, gida ɗaya ne. Mutum uku, amsa uku, kuɗi ɗaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ce ban da 'yan'uwa ba.

Akwai wani mai atamfa da ya zo mini a ƙarshen 2022, ido ya yi ja. Ya buɗe wa ɗan yayarsa gidan gem kusa da ƙofar wata babbar makaranta, na'ura huɗu, talabijin huɗu, benci da fanka. Shekara guda yana jin wurin cike da ihu yana murna. Sai aka shiga yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suka watse, wurin ya mutu. Ya zo yana ɗora wa yajin aiki laifi. Muka zauna muka tattaro abin da za a iya tattarowa, rasidin mai, kuɗin haya, hannuwan gem da aka yi ta sauyawa duk bayan 'yan watanni saboda yara na matse su kamar za su fasa. Sai ga shi tun wurin na cike ma asara ake yi. Rabin masu zaman abokan yaron ne, ba su taɓa biya ba. Ihu ya riƙa ji ya ɗauka ciniki ne. Ranar da aka zo sayar da kayan, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu aka taya, kuma har yau shi da yayar tasa gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Kunyar tambayar lissafi ya ji don kada zumunci ya ɓaci, ga shi zumuncin ya ɓaci, kuɗin ma sun tafi.

Maganar dala kuwa, na gaji da jin ta. Kowane yaro mai waya yanzu dala yake mafarki. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. A asusun yaran da suka buɗe mini na duba da idona, in masu kallon 'yan gida ne, kallo dubu sau da yawa ba ya kawo dala guda. Ka ce ya buɗe maka shafin alƙaluman tasharsa a gabanka. Minti biyu ne. In mabiyansa 300 ne, ka san nisan tafiyar.

Sannan rimiks ɗin nan da yake taƙama da shi, nan ne ma kuɗin ba nasa ba ne. YouTube na da na'urar gane sauti da ake kira Content ID. In ka ɗora kiɗan wani da ya yi rajistar kayansa, ko ka sauya masa gudu ka ƙara ganga, tana iya kama shi, kuɗin tallar ya tafi wurin mai shi. In aka kai ƙarar mutum aka yi masa gargaɗin keta haƙƙi sau uku, sai a rufe tashar da duk abin da ya tara. A nan gida ma akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Waƙoƙin tsofaffin makaɗan fada da na noma da na dambe na ƙasar nan, da yara ke ɗauka su aza musu sabon kiɗa, suna da magada, da yawansu ma suna raye ba nisa da kai. Rimiks na da amfani wajen koyon hannu da nuna gwaninta, ban hana ba. Amma ba a gina shago a filin wani.

Watsa gem kai tsaye kuma, awa guda mai ɗan kyawun hoto na iya lashe kusan gigabait biyu, ga data ta ƙara tsada tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Zai biya wannan kullum, wata da watanni, mutum goma sha biyu na kallo.

Haɗa situdiyo da gidan gem wuri guda ma shawara ce ta wanda bai taɓa karɓar kuɗin baƙo ba. Situdiyo shiru take so. Ka leƙa ɗakin lokacin ɗaukar murya a watan Afrilu, zafi ya haura 40, an toshe taga da katifa, an kashe fanka don kada makirufo ya ɗauki ƙararta, mai waƙa na zufa kamar an tsamo shi daga Gulbin Rima. A nan ne za a ajiye samari takwas suna ihun an ci ƙwallo? Kuma wace malamar Islamiyya ce za ta kawo ɗalibanta mata ɗaukar waƙar sauka a ɗakin da samari suka kwana? Wane mai bege ne zai cire takalmi ya shiga? Masu biyan kuɗin ke nan ake kora. Laftof ɗin da ake aikin mutane a kai kuma bai kamata a ɗora masa gem ko ɗaya ba. Yawancin yaran nan manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta sata suke amfani da ita, su ƙara da gem na sata, rana ɗaya cuta ta shiga kwamfutar ta tafi da waƙar amaryar da za a kai jibi. Ta halak ɗin, wadda ke ɗaukar murya, kusan dala 200 ce, kuma kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam da ke yin ta ba ya sake karɓar kuɗin sabuntawa. Wannan ya fi PS5 cancanta, amma shi ma ba yau ba.

Kuɗin situdiyo a Sakkwato ba su da kwalliya, shi ya sa yara ke raina su. Waƙar biki mai sunan ango da amarya da ƙawaye, wadda kasuwarta ke tashi a Rajab da Sha'aban ta kwanta da azumi. Ƙasidu gabanin Mauludi. Saukar Islamiyyu. Tallar shago da za a kai Rima Radio ko wata tashar FM. Har mai tura baro da ke son a ɗaukar masa murya ya sa a lasifika ya huta da kururuwa. Dubu 3 nan, dubu 20 can. Waƙar siyasa na da maiƙo, amma in ba a biya gaba ɗaya ba kada a kunna inji. Na san yaron da ya yi wa wani ɗan takara waƙa shida a 2023 a kan “in mun ci za ka ga alheri”, ɗan takarar ya faɗi, lambar wayarsa ma ta faɗi tare da shi.

Saboda haka miliyan 2 ɗin nan, a'a. Ka bar su a shago su yi juyin da suka saba. Ka sayi littafi mai bangon kwali, ka kira ƙanenka, ka kira kawu ko wani babba da yake jin nauyi, a zauna a gaban Inna. A rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsu, a rubuta cewa naka ne. Ku yanke ko haya zai riƙa biya duk wata ko riba za ku raba, ku nemi malami ya duba muku sharuɗɗan don kada a shiga haƙƙi. Daga ranar, duk wanda ya shiga ɗakin a rubuta sunansa, aikin da aka yi, awa nawa, nawa ya biya, mai lita nawa aka zuba. Rabin kuɗi kafin a fara, cikon kafin a tura waƙa a waya. Kuɗi su shiga asusu guda da kake ganin saƙonsa. Abokai in suna son gem, ga wayoyinsu, ga dakali a waje.

Zai yi fushi. Zai ce Yaya bai yarda da shi ba. Ka bar shi ya yi, fushin mako guda ne. Inna kuwa kada ka yi mata maganar riba da asara, ba shi ne damuwarta ba. Ita so take ta ga yaron ya kama sana'a ya bar zaman banza. Ka ce mata abin da kake so ke nan kai ma, kuma shagon da ke ciyar da gidan ba zai jure a sake yankar masa miliyan 2 ba.

Ka ba shi kwana 90. Duk Juma'a bayan an sakko masallaci ya kawo littafin shago ku duba tare, kai da shi, minti goma. In a ƙarshe situdiyon na biyan manta da datarta har ana ajiye wani abu, abin da zan ce ku fara saya da ribar shi ne faranti biyu na sola da batir, tunda rana ce abin da Sakkwato ba ta rasa ba, kuma janareto ne babban mai cin ku. In kuwa shafukan sun zo fari fat, kayan na da sauran daraja yanzu, ka sayar tun kafin ƙurar hunturu ta gama da su, ka jawo yaron shago ya riƙa yi maka bidiyon tallar kaya. Ka ɗauko hoton shafukan wata na farko ka turo mini, ina son in ga layin man fetur.