Zarton lantarki ko kayan hannu: amsa ga ɗan'uwanmu na Aboabo a Kumasi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana son ka riƙa taɓa aikin katako ranar Asabar da Lahadi a tsakar gida, irin su kantar littattafai da 'yar kujera, kuma kuɗin da ka tara ko dai su sayi zarton lantarki guda ɗaya, ko su sayi kayan hannu da dama. Ka tambaya wanne ya fi. Kayan hannu, babu tantama. Amma da sharaɗi guda: ka koyi wasa ƙarfe kafin ka koyi yanka. Yawancin waɗanda suka ajiye wannan aiki bayan wata biyu, dakusasshen ƙarfe ne ya kore su, su kuma suna zaton hannunsu ne bai iya ba.

Fara da abin awo. Tef mai mita 3 ko 5 ya isa. Za ka ga ɗan ƙugiyan bakinsa yana motsi, kada ka buga masa guduma, haka aka yi shi domin awon ciki da na waje su zo daidai. Sikweya kuwa, wato ƙarfen auna daidaiton kusurwa, gwada ta tun a gaban mai shago: ɗora ta a gefen katako miƙaƙƙe, ja layi, juya ta ɗaya ɓangaren, sake jan layi a wuri ɗaya. In layukan biyu suka buɗe baki kamar almakashi, mayar masa da abarsa. Karkatacciyar sikweya ita ke sa kantar littattafai ta riƙa rawa ko da kowane yanka ya bi layi.

Zarton hannu, nemi mai haƙori 8 zuwa 10 a inci ɗaya. Duba bakin haƙoran. In sun yi baƙi-baƙi ko shuɗi, an ƙona su ne su yi tauri. Suna daɗewa da kaifi, amma ranar da suka dakushe ba sa wasuwa, sai dai a sayi sabo. Ga mai koyo wannan ba laifi ba ne. Wajen yanka, kada ka bi tsakiyar layi. Zarto yana cin kusan milimita ɗaya da rabi na katako, don haka ka yanka ta ɓangaren da za a zubar, ka bar layin fensir a jikin aikin. Ka fara da ja baya sau biyu ko uku a hankali har ya sami gurbi, sannan ka tura, kuma kada ka danna. In zarto yana maƙalewa a tsakiya, yawanci katakon ne ya sunkuya ya matse shi saboda an tokare shi ta bakuna biyu. Bar guntun da za a cire ya rataya, ka tallafe shi da hannu idan an kusa ƙarewa don kada ya tsage.

Cizal, wato kurfi na sassaƙa katako, guda uku sun ishe ka shekara guda: milimita 6, 12 da 25. Sai filen na hannu, wato abin fere fuskar katako, lamba 4 ko lamba 5. Tsohon filen ƙirar kamfanin Stanley ko Record da aka yi amfani da shi ya fi sababbi masu arha da yawa, in dai ka juya ƙasansa ka tabbatar babu tsaga kusa da bakin da wuƙar ke fitowa. Tsatsa tana gogewa, tsaga ba ta gyaruwa.

To ga inda nake so ka tsaya da kyau. Sabon cizal daga shago ba shi da kaifi, an dai yi masa siffar baki ne kawai. In ba ka da dutsen wasa mai kyau, sami guntun gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, ka manna masa samfefa (takardar goge katako da ƙarfe) ta ruwa lamba 220, da 400, da 1000. Abu na farko shi ne bayan cizal ɗin, wato ɓangaren da yake shimfiɗe. Kwantar da shi ɗungurungum a kan samfefar, ka goga har wajen inci ɗaya daga baki ya yi haske bai ɗaya. Kada ka ɗaga ƙotar ko kaɗan, domin in bayan ya lanƙwasa, cizal zai riƙa hawa sama maimakon ya bi layi. Wannan aiki sau ɗaya ake yin sa a rayuwar ƙarfen. Bayan nan sai gangaren bakin: digiri 25 ake sassaƙa shi, a ɗan ɗaga zuwa 30 wajen wasa bakin ƙarshe. Ka ci gaba da gogawa har ka shafa yatsa ta baya ka ji wani siririn ƙarfe kamar gashi ya lanƙwaso tun daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ba ka ji shi ba, ba ka kai baki ba tukuna, ko da ƙarfen yana ƙyalli. Ka wuce samfefa ta gaba, a ƙarshe ka kwantar da bayan ka goge gashin nan. Gwajinsa a kan bakin guntun katakon nan mai laushi da ake kira wawa ne: mai kaifi zai fere shi sumul, dakusasshe zai murƙushe shi ya bar fari-fari kamar burodi. Haka ake wasa wuƙar filen ma. Idan ka mayar da ita, ƙarfen da ke kwance a kanta ya tsaya kamar milimita ɗaya daga baki, kuma ka fito da wuƙar kaɗan-kaɗan har ɓawon da ke fita ya yi sirantar takarda.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kilam, ƙarfen da ke matse katako ya riƙe shi. Sayi aƙalla biyu, huɗu sun fi. Katakon da ke motsi ba ya yankuwa daidai, kuma hannun da ke riƙe da shi a gaban cizal shi ne ke ƙarewa a asibiti. Hannu biyu duk su kasance a bayan baki, kullum.

Game da katako, ka je Sokoban inda aka mayar da masu sana'ar katako na Anloga, ka zaɓa da idonka, sannan ka biya masu inji su fere maka shi fuska biyu. Wannan ya rage maka rabin wahala. Ka fara da wawa: yana da laushi, ba nauyi, yana karɓar gam sosai. Aibinsa ƙwaro yana son sa, don haka in ka ga ƙananan ramuka da gari-gari kamar fulawa a ƙarƙashin allon, bar shi. Katakon ofram ma yana da sauƙin aiki. Katakon odum kyakkyawa ne, gara ba ta cika damunsa ba, amma ba na mai koyo ba ne. Yana da tauri, jijiyarsa tana sarƙewa ta sa filen ya yage fuskar, wani lokaci kuma akwai 'yan duwatsu a cikinsa da ke karya bakin ƙarfe. Ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi da tari, sai da takunkumi.

Mafi yawan katakon kasuwa ɗanye ne. In ka haɗa kanta da shi a damina, hunturu na shigowa a Disamba za ka ga haɗin ya buɗe, allon ya ɗauki siffar kwano. Dalili shi ne katako yana tsukewa ta faɗi, ba ta tsawo ba. Jera allunan a inuwa, nesa da ƙasa, ka sa siraran sanduna tsakaninsu kowane santimita 40 zuwa 50, sanda bisa sanda a miƙe, ka ɗora nauyi a sama. Ka ba su makonni, iska na ratsawa. Kada ka shanya su a rana.

Wajen haɗawa, farin gam na kafinta ya isa aikin cikin ɗaki. Shafa shi siriri, matse da kilam kamar awa ɗaya, kada ka ɗora masa nauyi sai washegari. Bakin katako yana shanye gam kamar soso, don haka haɗin baki da gefe sai an ƙara masa sukuru. Kuma kowane sukuru a fara huda masa rami: mai kaurin milimita 4, ramin milimita 3 a katako mai tauri, 2.5 a wawa. In ƙusa ce kusa da baki, juya ta ka ɗan buge tsinin da guduma, ba za ta tsaga allon ba.

In har za ka sayi inji, diril, injin huda rami, shi ne na farko. A nan sai ka kula da kayan hom-yus, wato na hannu da ake shigowa da su daga ƙasar waje. Wutar Gana volt 230 ce, ta Amurka 120. Karanta rubutun jikin injin ko cajarsa kafin ka biya, domin na 120 da aka soka a bango ba tare da taransifoma ba, take zai ƙone. Mai batir kuma, batirin ne tsadarsa, ka gwada shi da huda katako na gaske, ba juyawa a iska ba.

Zarton lantarkin da kake so zai zo daga baya, lokacin da ka fara yanka filawud mai ƙafa 4 da 8. Ranar, ka saita wuƙar ta leƙo ƙasan katako da kamar milimita 5 kawai, kada ka ɗaure murfinta a buɗe, kuma kada ka tsaya a bayanta daidai, domin in katako ya matse ta, baya take zaburowa. Abu ɗaya kuma ina roƙonka da Allah: kada ka yarda wani ya ɗaura maka wuƙar zarto a kan injin giranda, wato na yanka da goge ƙarfe, don a rage kuɗi. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, zarton lantarki kuwa wajen 5,000, ga shi ba ta da faifan da zai zauna a kan katako, ba ta da murfin da ke rufe haƙora da kansa.

Tsatsa kuma, da irin laimar Kumasi kwana uku sun isa. Ajiye tsumma mai ɗan man inji a cikin gwangwani, ka shafe zarto da cizal da ƙasan filen duk lokacin da ka tashi aiki, ka sa su a akwati mai murfi, kada su kwana a kan siminti.