Barade sun cika fili, baitulmali ya tumbatsa: ina gyaran yake?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tawa, kuma na ɗauki watanni ina yi wa wasan kwamfuta na Medieval II: Total War kwaskwarima, abin da ƴan wasa ke kira mod. Damuwata ita ce kafin a yi nisa kuɗi sun yi mini yawa, rundunata duk barade ne masu sulke, babu mai iya tsayawa a gabanta. Na rage ƙarfin saran baraden, sai yaƙin ya daina daɗi, kuɗin kuma suna nan jibge. Ta ina zan kama?

Amsa: Ƙanena, ka mayar wa baraden ƙarfinsu, domin ba a nan cutar take ba. A ƙarnonin da wasan ya ɗauko, wato daga 1080 zuwa gaba, barde mai sulke a kan doki abin tsoro ne na gaske, kuma abin da ya hana sarakuna cika fili da irinsa shi ne tsadar riƙonsa da wuyar maye gurbinsa idan ya faɗi. Kai da kake Adar ba sai an yi maka dogon bayani ba. Dubi dokin da ake hawa ran Salla: yini guda ake ganinsa da ado, amma duk shekara yana barga yana cin hatsi da harawa, ana jiƙa masa kanwa, ga yaron da ke share masa turke safe da yamma. Dokin yaƙi ma haka yake, ko ana yaƙi ko ba a yi.

Lissafin albashin rundunar Sarki Edward na Uku na Ingila, wanda ya ci yaƙin Kiresi a ƙasar Faransa a 1346, zai ba ka ma'auni mai kyau. Barde yana karɓar sule 2 a rana, wato kwabo 24 a kuɗin Ingila na wancan zamani, maharbi mai doki yana karɓar sisi, wato kwabo 6, maharbi na ƙasa kuwa kwabo 3 kacal. Ka ga ke nan barde ɗaya yana cin abin da ƴan baka 8 suke ci. Sarkin ma da bashi ya riƙe yaƙinsa, kuma gazawarsa wajen biya tana cikin abubuwan da suka durƙusar da gidajen Feruzi da Bardi, manyan masu ba da rance na birnin Fulorens a Italiya, a 1343 da 1346. Idan a wasanka sarki yana yaƙi shekara da shekaru amma taskarsa sai ƙara cika take, to lissafin ya kauce wa tarihi tun daga tushe.

Saboda haka ka buɗe fayil ɗin export_descr_unit.txt, ka nemi layin stat_cost na kowace ƙungiyar mayaƙa. Lamba ta biyu kuɗin ɗauka ce, ta uku kuma kuɗin riƙo da ake biya kowane zagaye, wato duk lokacin da ka gama naka wasan sauran ƙasashe suka yi nasu, kuma ita ta ukun ce abin kulawarka, domin kuɗin ɗauka sau ɗaya ake jin zafinsa, na riƙo kuwa yana bin sarki har ranar da ya sallami mutanen. Ka yi lissafin bisa kan mutum ɗaya, tun da ƙungiyar barade ba ta kai ta dakaru yawan mutane ba. Ba dole ka kai ninki 8 cif ba, amma tazarar ta zama mai ciwo.

Gyara na biyu ya fi wannan tasiri a ganina, ko da yake masu kwaskwarima da yawa suna tsallake shi. A fayil ɗin export_descr_buildings.txt akwai layukan recruit_pool, waɗanda suke faɗin ƙungiyar mayaƙa nawa ginin da ake ɗaukar soja a cikinsa zai fara da su, da saurin da wasu suke sake samuwa, da iyakar da za su taru. Ka rage saurin na barade sosai, ka bar na masu mashi da ƴan baka kusa da yadda yake. Barde tun yana yaro ake koya masa hawa da riƙon mashi, shi ya sa asarar da Faransa ta yi a Kurtire, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, a 1302, inda dakarun garuruwan yankin Filandas suka kashe ɗaruruwan manyan mahaya, ba abin da kuɗi za su rufe cikin wata guda ba ne. Da zarar ɗan wasa ya san cewa ƙungiyar da ya jefa kan tsinin masu ba za ta dawo ba sai bayan zagaye da dama, da kansa zai fara tattalinta.

Ta wajen shigar kuɗi, kada ka zaftare komai da komai. Ka ƙara tsadar manyan gine-gine da tsawon lokacin gina su, musamman kasuwanni da tashoshin jiragen ruwa, domin su ne suke tumbatsa taska a tsakiyar wasa.

Sai dai akwai tarko a nan. Ƙasashen da kwamfuta ke jagoranta ba su iya tsimi ba, kuma idan kuɗin riƙo ya hau, sukan faɗa bashi su tsaya cik, sai ka tarar da garuruwansu babu masu tsaro. Maganin yana cikin descr_strat.txt, a layin denari_kings_purse, wato kuɗin da kowace ƙasa take samu duk zagaye ba tare da haraji ba. Ka ƙara wa abokan hamayya, ka bar ƙasar da kake gwaji da ita yadda take.

Kafin ka taɓa kowane fayil ka ajiye kwafinsa a gefe, kuma ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Gyaran descr_strat.txt ba ya aiki a kan wasan da ka riga ka adana, sai ka fara sabo. Ka buga zagaye 40 da ƙasa guda, kana rubuta abin da ke taskarka a takarda duk bayan zagaye 10, sa'an nan ka aiko mini da lambobin mu duba tare.