Kafin ka kama ɗaki a Landan, tambayi lambar bas ɗin da ke bi ta ƙofarsa

Ɗana, saƙonka ya same ni a saman benen bas ina dawowa daga aikin dare. Na yi murna ƙwarai da gurbin da ka samu a Jami'ar Kingston, Allah ya sanya albarka. Ka ce, "Kawu, wa zai ɗauke ni daga filin jirgin saman Heathrow? Akwai ɗaki mai rahusa da aka nuna mini a bayan gari, in kama? Kuma an ce mini zaman Ingila ba mota wahala ne." Na ga gara in amsa a fili, don ba kai kaɗai ne yaron Daura da ya taɓa yi mini wannan tambaya ba.

Ranar da na fara sauka a ƙasar nan, wanda ya yi alkawarin tarbata bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Na zauna kan akwatina har duhu ya yi, daga ƙarshe na ɗauki shatar tasi da kuɗin da zai ishe ni cefanen sati biyu. Sai bayan kwanaki na gane cewa bas ɗin da ke tashi daga filin jirgin yana wucewa ta bakin layin da aka ba ni masauki. Ba na so hakan ya same ka, ko da yake ni in Allah ya yarda zan zo da kaina.

A tsakiyar Heathrow, tsakanin sashe na 2 da na 3, akwai babbar tashar mota. Daga nan bas uku ke zuwa Kingston. Mai lamba SL7 shi ne mai sauri, ba ya tsayawa a kowace kwana, da rana kuma duk minti 15 ake samun ɗaya. Yana bi ta Hatton Cross da Teddington, ya sauke ka a Kingston, ya zarce Sutton har Croydon. Sai 285 mai ratsa Feltham, da 111 mai zagayawa ta Hounslow da Hampton. Waɗannan biyun sun fi jan lokaci, amma dare da rana suke aiki ba tsayawa. In jirginka a sashe na 4 ko na 5 ya sauka, jirgin ƙasa zai kawo ka tsakiya kyauta.

Kuɗin mota fam 1.75 ne a farashin 2025, ko tafiyar kusa ce ko ta nesa. In ka sauka ka hau wani bas cikin awa ɗaya da shigarka ta farko, ba za a sake cire maka ko kwabo ba, tsarin da magajin garin Landan Sadiq Khan ya kawo a 2016. Shi kansa mahaifinsa direban bas ne. Tun 2014 aka daina karɓar tsabar kuɗi a bas ɗin Landan, don haka kada ka miƙa wa direba takardar fam. Ka sayi katin Oyster, wato katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke cikin filin jirgin, ka zuba masa kuɗi, kada ka dogara da katin bankinka na gida. Sau ɗaya za ka ɗora katin, wajen shiga. Babu kwandasta, babu ɗan kamasho, ba kuma jiran mota ta cika. Ko kai kaɗai ne a ciki, lokaci na yi za ta tashi.

Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai da na zo. Mu da muka saba zama a tashar Daura muna jiran mutum ɗaya ya cike motar Kano, muna ji direba na rantsuwa yanzu za a tashi, sai na kasa gane yadda mota za ta ƙona mai da ƙarfe uku na dare saboda mutum huɗu. Ashe ba aljihun direba ne ke ɗaukar asarar ba. Hukumar sufurin Landan, TfL, wadda ke ƙarƙashin magajin gari, ita ke zana hanya, ta yanke farashi, ta tsara lokaci, sannan ta ba kamfanoni kwangilar tuƙa motocin. Ana biyan kamfani kan tafiyar da ya yi da kiyaye lokaci, ba kan yawan kawunan da ya loda ba. Abin da fasinja ke biya ba ya isa ya riƙe bas ɗin, sai an cike da kuɗin jama'a: harajin da 'yan kasuwa ke biya kan shaguna da ofisoshi, wani kaso na harajin gidaje, da abin da ake karɓa hannun masu motocin kansu.

Dalilin da ya sa suke yarda su kashe wannan kuɗi ba masu akwati irinka ba ne kaɗai. Fasinja kusan miliyan 84 ne suka bi ta Heathrow a 2024, kuma mutum fiye da 70,000 ke aiki a wurin. Masu shara, masu ɗora kaya, masu dafa abincin jirgi, masu gadi, yawancinsu a Hounslow da Feltham da Hayes da Southall suke kwana, da yawansu kuma tun kafin asuba suke kama aiki. Ka shiga 285 da ƙarfe huɗu na dare ka ga riguna masu ƙyalli, kowa na gyangyaɗi. In babu wannan motar, jirgin safe ba zai tashi ba.

Akwai abin da na gani da idona da ya ƙara mini fahimta. Da can akwai yankin da ake hawa bas kyauta a kewayen filin jirgin, kamfanin filin ne ke biya. Da annobar korona ta durƙusar da harkar jirage, aka soke shi a watan Yunin 2021. Amma layukan da hukuma ke riƙe da su ba su daina zuwa ba. A 2023 ma sai aka ƙara wa tsohon bas mai lamba X26 motoci, aka mayar da shi SL7 ɗin da za ka hau.

To batun ɗaki. Kalmar "bayan gari" kada ta tsorata ka, ni ma a bayan garin nake, kuma akwai masallacin Juma'a a Hounslow, akwai a Kingston. Abin dubawa shi ne jan bas na TfL yana bi ta wurin ko ba ya bi. Da zarar ka fita iyakar Landan zuwa ƙauyukan Surrey, a wurare da yawa wasu kamfanoni ne daban, kuɗinsu ya fi, babu rangwamen awa ɗaya, kuma da dare ya yi nisa mota ta ɗauke. Na san ɗalibin da ya bi arha ya kama irin wannan ɗakin, abin da ya rage a haya tasi ya cinye, har aikin da ya samu a wani otal ya kuɓuce masa saboda makara. Bizarka awa 20 kacal ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, kuma aikin da ɗalibi ke samu na sassafe ne ko na dare.

Mota kuwa ka cire ta daga ranka a shekarar farko. Inshorar sabon direba kaɗai ta isa ta karya ka, tsohuwar mota mai hayaƙi kuma fam 12.50 ake biya mata duk ranar da ta fita, ko'ina cikin Landan, tun Agustan 2023. Da ka yi rajista a makaranta ka nemi katin Oyster na ɗalibai, ana rage kashi 30 cikin ɗari a tikitin mako ko na wata.

Kaya kada su wuce abin da za ka iya ja da hannunka biyu, don wurin ajiya a bas kaɗan ne, filin tsakiya kuma na masu keken guragu ne. Ka faɗa wa Hajiya kada ta sa maka kilishi ko man shanu, doka ta hana shigo da nama da kayan madara, za a ƙwace.

Duk sanda na zo gida na ga abin da mutumin Mai'adua ko Sandamu ke biya kafin ya kai filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina ko na Malam Aminu Kano, musamman tun cire tallafin mai a Mayun 2023, raina yakan sosu. Muna da motocin KTSTA, hukumar sufurin Jihar Katsina, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura. Ina fatan ganin ranar da mota za ta riƙa tashi daga Daura ta bi ta Mashi da Mani a kan ƙayyadajjen lokaci, ko ta cika ko ba ta cika ba, gwamnati ta cike gibin.

Kada ka ba kowa kafin-alƙalami sai ka turo mini adireshin ɗakin na je na tsaya a bakin titinsa da dare na gani. Ka turo mini lambar jirginka da ranar sauka. Ka gaishe da Hajiya da ƙannenka.