Shagona na kwamfuta a Samaru: ta ina ɓarawon intanet zai shigo?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, da kwamfuta huɗu da rawuta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Ɗalibai na hawa Wi-Fi ɗina, suna kuma kawo filas. Ta ina za a iya cutar da ni?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da rawutar, domin nan ne aka fi sakaci. Lambar sirri biyu gare ta: wadda kake ba mutane su hau Wi-Fi, da ta shiga saitinta. Ta biyun ce ake bari yadda ta zo daga kamfani, sau da yawa "admin" kawai. Wanda ya shiga nan zai iya karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi ba ka sani ba. Da irin waɗannan lambobin wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban na'urori a 2016. Don Allah ka canja ta yau, a saitin tsaron Wi-Fi ka zaɓi WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta lambar sirrinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibai da kwamfutocinka suna kan layi ɗaya. Baƙo a zaure yake tsayawa, ba ya zarcewa cikin gida. Yawancin rawutoci na da layin baƙi; ka kunna shi, su samu intanet amma wayoyinsu ba sa ganin injinanka. Ba zargin yaran nake ba, wani wayarsa na ɗauke da cuta, wato muguwar manhaja, shi ma bai sani ba.

Sai sabunta Windows, wanda mutanenmu ke kashewa don tsoron cin data. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar. Waɗanda ba su sabunta ba su suka sha wuya. In kuwa Windows 7 kake amfani da ita, tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyara.

Filas kuma, ka ware masa kwamfuta ɗaya, kada ka taɓa buɗe asusun banki a kanta. Ayyukan ɗalibai da ke hannunka, musamman lokacin furojet, ka riƙa kwafe su duk mako a faifai na daban, in ka gama ka zare shi, domin cutar da ke kulle fayil tana bin duk abin da ta tarar a jone.