Hoton Baba ya fito dishi-dishi da aka wanke shi babba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yayana ya turo mini hoton mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ta WhatsApp. Da wayarsa ya ɗauka ranar ƙaramar sallah, kuma a waya hoton tas yake. Na kai aka wanke mini shi inci 16 da 20 don in rataye a falo, sai ya fito dishi-dishi, fuskar ta yi duhu, an kuma datse saman hularsa. Laifin mai wankin ne, ko sai da babbar kyamara ake samun hoton bango?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya gafarta wa Baba, ya kai haske kabarinsa. Ki kwantar da hankalinki, in dai asalin hoton yana nan a wayar yayanki, gyaran mai sauƙi ne, kuma ba sai an sayi kyamara ba.

Hoton ya samu matsala tun kafin ya isa shago. Kowane hoton waya ƙananan ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. Idan aka tura shi ta WhatsApp yadda muka saba, manhajar takan matse shi don kada ya ci data, ya dawo kusan ɗigo 1600 a tsawo. A allon waya, wanda bai wuce tafin hannu ba, ido ba zai gane an rage komai ba. Takarda ce ke tona asiri. Masu wanki suna son ɗigo 300 a kowane inci ga hoton da za a riƙe a hannu, na bango kuma da ake kallo daga nesa, 150 zuwa 200 ya wadatar. To raba 1600 gida 20: ɗigo 80 kacal kowane inci ya samu. Dole injin ya ja kowane ɗigo ya baje shi, shi ya sa aikin da ke wuyan rigar ya narke, gashin gemu ya zama kamar hayaƙi. Da asalin hoton mai ɗigo 4000 aka kai, kowane inci zai samu kusan ɗigo 200, kuma wannan ya isa falo.

Saboda haka ki ce wa yayanki ya sake turowa, amma ya danna alamar maƙala fayil ya zaɓi Document, ta nan hoton zai zo cikakke. Zaɓin HD da WhatsApp ya fito da shi a 2023 ya fi tura na kullum, amma shi ma yana ɗan matsewa. Mafi kyau ma a kwafe shi a filashi a kai shago. Kada a kuskura a ɗauki hoton allo a ce shi za a wanke.

Batun duhu kuwa, allon waya haske yake fitarwa daga cikinsa, takarda kuma sai hasken ɗaki ya sauka a kanta. Ga shi yawancinmu muna ƙure hasken waya. Fuskar mutum mai duhun fata cikin farar babbar riga da rana ita ta fi shan wahala, domin farin rigar yakan sa kyamara ta rage haske. A nan kam mai wankin yana da nasa kason: ya kamata ya ɗaga hasken fuskar a kwamfuta. Ni shawarata a kullum, a fara wanke ƙarami, inci 5 da 7, a duba shi a ɗakin da za a rataye, sannan a biya kuɗin babba.

Hular kuma, fasalin hoton waya 4 da 3 ne, na takarda inci 16 da 20 kuwa 5 da 4, don haka sai an yanke wani abu daga tsawon. Ki tsaya a gaban kwamfutar ki ce a rage daga ƙasa, ko a bar farin gefe.

In an zo sa firam, abin da ya fi damuna shi ne hoto ya taɓa gilashi. Da damina danshi yakan shiga tsakani, hoton ya manne, ranar da aka zo cirewa fuskar ta biyo gilashin. Ki sa a yanka kwali mai taga a tsakiya, ya raba su, a kuma rufe bayan firam ɗin da kyau saboda ƙurar hunturu. Takarda marar sheƙi ta fi dacewa da bayan gilashi. Kada a rataye shi inda rana ke bugawa ta taga, launi zai koɗe. Asalin fayil ɗin kuma ki ajiye shi wuri biyu, a filashi da imel, tun wayar yayanki tana hannu.