Tambayi Lauya: Ɗan Sanda Ya Karanta Hirata da Wadda Zan Aura

Tambaya: Barista, barka da aiki. Gyaran waya nake a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ran Alhamis da daddare na taso da wayoyin mutane guda huɗu a jaka, 'yan sanda suka tare adaidaitar da nake ciki. Suka zazzage jakar, suka lalube aljihuna, ɗaya ya sa na buɗe wayata ya yi ta karanta hirarmu ta WhatsApp da wadda zan aura. Wai askina ne bai yi musu ba. Doka ta ba su wannan? Sani, daga Kurna.

Amsa: Malam Sani, jakar dai ba zan ruɗe ka ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba su ikon tsayar da mutum ko abin hawa su caje ba tare da yardarsa ba, matuƙar akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargin yana ɗauke da makami ko kayan sata. A garin nan da ƙwacen waya ya addabi kowa, waya huɗu a jakar mutum ɗaya da daddare abin a tambaya ce. Ka riƙa yawo da katin ƙungiyarku da littafin da kake rubuta sunayen masu kaya.

Amma aski ba dalili ba ne. Dokar ta faɗa ƙarara cewa yanayin gashi, sutura ko shekarun mutum ba sa zama hujjar zargi. Kuma kafin ɗan sanda ya taɓa ka, wajibi ne ya faɗi sunansa, ofishinsa, da abin da yake nema.

Wayar ce ta fi ɓata mini rai. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin gidanka, wasiƙunka da maganganunka na waya. A watan Oktoban 2020, ana dab da rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi, Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya hana binciken wayoyin mutane barkatai a kan titi. Duba ko wayar ta sata ce daban, zama a karanta "ina kewarka" daban.

Gida kuwa, a mafi yawan lokuta sai da takardar izinin bincike. Ka karɓa ka karanta tun daga soro. Idan akwai matan kulle, a sanar da su su kauce kafin a shiga, mace kuma mace ce ke caje ta.

Shawarata, ƙanena, kada ka yi ja-in-ja da mai bindiga da tsakar dare. Ka ce, "Yallaɓai, ban amince ba, amma ba zan hana ka ba." Ka haddace sunan da ke ƙirjinsa, lambar motarsu da lokaci, ka karɓi lambar mai adaidaitar don shaida. Gari na wayewa ka rubuta ƙorafi zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda a Bompai, ka tabbata an buga maka hatimi a kwafinka kafin ka fito.